Maganin tiroyid: yaushe ake ƙarawa, yaushe ake ragewa

Wasiƙun da suka iso wa filin lafiya a wannan karo, da yawansu kan abu guda suke: mutanen da aka auna jininsu aka ce tiroyid ɗinsu ta yi sanyi, aka ɗora su kan magani, yanzu kuma suna son sanin ko ya yi musu kaɗan ko ya yi yawa. Ga wanda bai sani ba, tiroyid wata ƴar halitta ce a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Sinadarin da take zubawa cikin jini, wato tiroksin, shi ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, tafiyar hanji, har da kaifin tunani. Idan ya yi ƙaranci sai komai ya yi nawa.

Tambaya daga wata baiwar Allah a unguwar Yantala, Yamai: Likita, barka da aiki. Shekaruna 38, nauyina kilo 68. Na yi watanni ina fama da kasala da barci, ina jin sanyi har cikin bazara, bayan gida ya yi tauri, jinin al'ada ya ƙaru. Da aka auna jinina aka ce TSH ya kai 24, aka rubuta mini ƙwayar tiroksin, Levothyrox 50. Yau mako uku ina sha, amma sauƙin kaɗan ne. Maƙwabciyata 100 take sha, ta ce nawa ya yi kaɗan. Ko in riƙa haɗa biyu?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki haɗa biyu da kanki. Mai yiwuwa maƙwabciyarki ta yi gaskiya cewa 50 ba zai ishe ki ba a ƙarshe, amma mako uku bai kai lokacin da za a yanke wannan hukunci ba.

Bari mu fara da lissafin da likitoci ke yi. Babban mutum wanda tiroyid ɗinsa ta daina aiki gaba ɗaya yana buƙatar kusan mikrogram 1.6 na maganin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. A nauyinki na kilo 68 wannan ya kama kusan 109, wato tsakanin ƙwaya mai 100 da mai 112. Sai dai wannan rufin ɗaki ne, ba kowa ke kaiwa can ba. Mutane da yawa tiroyid ɗinsu ba ta mutu murus ba, tana ɗan taɓa aiki, don haka 75 ko 88 ya wadatar da su. Wasu likitoci kan fara wa matashi mai lafiyayyar zuciya da cikakken adadi tun ranar farko, wasu kan hau matakala sannu a hankali kamar yadda aka yi miki. Duk biyun hanya ce sananniya. Abin da ke nuna inda za a tsaya shi ne jininki, kuma jinin maƙwabciya ba naki ba ne.

Lambar TSH tana rikita mutane, domin juye take. Ba tiroyid ke yin sinadarin TSH ba, wata ƴar halitta ce ke yin sa, mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, likitoci na kiranta ipofiz. Ki ɗauki TSH kamar bulalar mai amalanke: in jaki ya yi nawa, bulala ta yi yawa, in ya kama tafiya sai a sassauta. TSH mai yawa na nufin jiki na kukan ƙarancin tiroksin, magani bai isa ba ke nan. TSH da ya faɗi ƙasa sosai na nufin magani ya wuce kima. A yawancin ɗakunan gwaji, daidai shi ne daga kusan 0.4 zuwa 4, amma ki duba lambobin da aka buga a gefen sakamakonki, don kowane ɗakin gwaji da nasa ma'auni. An sha samun wanda ya ga TSH ɗinsa ya sauka, ya ɗauka ciwo ne ya ƙaru, ya ƙara magani da kansa, ya jefa kansa cikin wahala.

To me ya sa sai an jira? Wannan magani yana daɗewa a jiki. Rabin abin da kika sha yau sai bayan kwana 7 zai fita. Kamar randa ce mai ɗan yoyo da ake zuba mata moɗa ɗaya kowace safiya: ruwan yana hawa kaɗan-kaɗan, sai ya kai wani gaci inda abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke tsiyayewa, sannan ya tsaya. Wannan gacin sai bayan mako 5 zuwa 6 ake kai shi, ita kuma ipofiz tana buƙatar nata lokacin ta gane an sami canji. Shi ya sa ake sake auna TSH bayan mako 6 zuwa 8 da fara magani, haka kuma bayan kowane canji. Gwajin da aka yi a mako na uku asarar kuɗi ne, kuma yakan sa a ƙara magani alhali na farkon bai gama nuna ƙarfinsa ba.

Idan sakamako ya fito TSH na sama da daidai, ana ƙara mikrogram 12.5 zuwa 25, ba a ninkawa. Daga 50 a je 75, a jira mako 6 zuwa 8, a auna, in da buƙata a je 88 ko 100. In ba a sami ƙwaya mai 88 a farmasi ba, likita na iya cewa ki sha 75 yau, 100 gobe, wanda ya kama 87.5 a rana. Saboda daɗewar maganin a jiki, wannan karɓa-karɓa ba ta cutarwa. Yawanci sai an yi gyara biyu ko uku kafin a dace, wato wata huɗu zuwa shida. Da zarar an dace sai a sake aunawa bayan wata 6, daga nan sau ɗaya a shekara.

Ranar gwaji ki je da safe, ki bari sai an ɗebi jinin sannan ki sha ƙwayar ranar, musamman in an rubuta a auna T4, wato tiroksin ɗin da ke cikin jini, tare da TSH. Ki yi ƙoƙarin komawa ɗakin gwaji guda kowane lokaci. In kina kwance da masassarar cizon sauro ko wani ciwo mai zafi, ki bari ki warke da ƴan makonni, don ciwo kan hargitsa lambobin. In kuma kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu biyotin, ki dakatar da su aƙalla kwana 2 kafin gwaji, suna sa na'ura ta ba da sakamakon ƙarya.

Game da sauƙin da kike jira: kasala da taurin bayan gida sukan fara sassautawa cikin mako 2 zuwa 3, amma bushewar fata, zubar gashi da kumburin fuska sukan ɗauki watanni. Gashi ma yakan ƙara zuba a watannin farko kafin ya dawo, kada hankalinki ya tashi. Tun da kin ambaci yawan jinin al'ada, muna ba ki shawara ki roƙi a auna miki yawan jini. Mata da dama ciwo biyu suke ɗauke da shi a lokaci guda, kuma komai yawan tiroksin da aka ba su, kasalar ƙarancin jini ba za ta tafi ba.

Alamun da za su sa ki koma asibiti ba tare da jiran mako shida ba su ne faɗuwar gaba ko bugun zuciya da ya wuce 100 a minti kina zaune, rawar hannu, zufa da ba ta zafin gari ba, rashin barci, zawo, ko ciwon ƙirji.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Tawa: Wata biyar ke nan ina shan ƙwaya mai 100, ban taɓa fashi ba sai nadiran, amma TSH ya ƙi sauka daga 11. An ce za a kai ni 125. Da safe nake haɗiye ta da shayi mai madara in na buɗe shago, nan kuma nake ajiye kwalin don kada in manta. Ina kuma shan maganin gyambon ciki. Ko maganin ne ba ya karɓa ta?

Amsa: Alhaji, wasiƙarka ta ɗauko amsarta a cikinta. Kafin a ƙara maka ko da mikrogram ɗaya, akwai abubuwa uku da ya kamata a gyara, kuma muna kyautata zaton da 100 ɗin nan ma za ka ga canji.

Na farko shayin nan. Tiroksin magani ne mai tsirfa wajen shiga jini. Ko da ciki babu komai, kashi 60 zuwa 80 cikin 100 ne ke wucewa ta hanji, sauran ya fita. In ya haɗu da madara, nono, kofi, koko, fura ko awara, abin da ke shiga sai ya ƙara raguwa, domin sinadarin kalsiyom da ke cikin madara da dusar hatsi suna riƙe shi su fice da shi. Ƙa'idar ita ce a sha da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Mafi sauƙi ga yawancin mutanenmu: ka ajiye ƙwayar kusa da shimfiɗa, ka sha da ka tashi sallar asuba. Kafin ka dawo daga masallaci ka kimtsa, lokacin ya cika. Wanda asuba ba ta yi masa ba yana iya sha da dare lokacin kwanciya, in dai an yi awa 3 da cin tuwo. Abin da ba a so shi ne yau asuba, gobe da shayi, jibi bayan abincin rana.

Na biyu maganin gyambon ciki. In irin farin ruwan nan ne ko ƙwayar tsotsa masu aluminiyom ko magneziyom, kamar Maalox, suna kama tiroksin a cikin hanji, dole a raba su da awa 4. Haka ƙwayar ƙarin jini da ƙwayar kalsiyom, har da jiƙon kanwa da wasu ke sha don ƙwannafi, ka nisanta shi da lokacin maganin. In kuwa omeprazol ne ko danginsa, matsalar daban ce: yana rage tsamin ciki, shi kuma tiroksin yana son tsamin don ya narke, kuma rabawar awa huɗu ba ta cika warware wannan ba. A nan sai likita ya duba ko har yanzu kana buƙatar omeprazol ɗin, in kana buƙata a daidaita adadin tiroksin da saninsa. Akwai kuma magungunan da ke sa hanta ta ƙone tiroksin da sauri: rifampisin na tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su karbamazepin, fenitoyin da fenobarbital. Duk wanda aka fara wa ɗayansu ko aka tsayar masa, a sake auna TSH bayan mako 6 zuwa 8.

Na uku shagon. Wannan ƙwaya ba ta son zafi, haske ko laima, kuma a kan kwalin Levothyrox an rubuta a ajiye ta ƙasa da digiri 25. Ka san yadda shago mai rufin kwano yake a Tawa cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje kansa ke haura 40. Ƙwayar ba za ta canza launi ba, ba za ta yi wari ba, ƙarfinta ne kawai zai ragu a ɓoye. Ka mayar da ita gida, ɗaki mafi sanyi, cikin ledarta ta asali, a gwangwani mai murfi, kusa da randa amma ba inda ruwa zai taɓa ta ba. Kada a ɓare ƙwayoyi a zuba a leda ko aljihu, kada a bar su a mota ko ƙarƙashin kujerar babur. A bazara gara ka sayi na wata ɗaya ko biyu da ka tara na rabin shekara. Kuma don Allah a farmasi, ba hannun masu yawo da magani a faranti cikin rana ba. Maganin da ake aunawa da mikrogram bai jure irin wannan yawo.

Ka ce ba ka fashi sai nadiran. Ka gwada ƙirga ƙwayoyin da suka rage a ƙarshen wata. Mantuwar kwana ɗaya a mako ta rage maka kashi 14 cikin 100 na maganin, daidai da a ce mai 86 kake sha maimakon 100. In ka tuna da rana, ka sha a lokacin, nesa da abinci. In sai washegari ka tuna, likitoci da yawa kan bar matashi mai lafiyar zuciya ya rama, amma tsoho da mai ciwon zuciya su ci gaba da ɗaya kawai.

Abu guda da muke jan kunnenka a kai: kada a gyara shan magani kuma a ƙara adadi a lokaci guda. In ka koma shan 125 da asuba ciki babu komai, bayan da can 100 kake sha da madara, ƙarin da jikinka zai samu ya fi 25 nesa ba kusa ba, kana iya tsallakawa ɗaya gefen. Ka faɗa wa likitanka duk abin da ka faɗa mana, ku gyara waɗannan, a sake aunawa bayan mako 6 zuwa 8. In har TSH bai motsa ba, sai a ƙara, a kuma bincika cikin, domin ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki da wasu cututtukan hanji suna hana maganin shiga.

Tambaya daga wata amarya a unguwar Bukoki, Yamai: Ina shan 75 tun bara. Yanzu na ga ɓatan wata, gwaji ya nuna ciki. Uwar mijina ta ce in bar duk wani magani kada ya taɓa yaron. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Inna ta faɗi haka ne don ƙauna, kuma game da magunguna da yawa tana da gaskiya, amma wannan ba ya cikinsu. Ƙwayar da kike sha irin sinadarin da jikin kowace mace ke yi ne da kansa. A watannin farko ɗan tayi ba shi da tiroyid mai aiki, tasa ba ta fara komai sai wajen mako na 12, ba ta kuma tsayawa da ƙafarta sai kusan tsakiyar ciki. Kafin nan da tiroksin ɗin uwa ake gina ƙwaƙwalwarsa. Barin magani yana ƙara haɗarin ɓari, haihuwar bakwaini, hawan jinin masu ciki, da tauyewar basirar yaro.

Ba tsayarwa ba ma, ƙari ake yi, kuma nan ne kaɗai ba a jiran mako shida. Da zarar an tabbatar da ciki, buƙata na ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Hanyar da aka saba ita ce a ƙara ƙwaya biyu a mako: ki zaɓi kwana biyu, misali Litinin da Alhamis, ki sha biyu-biyu, sauran ranaku ɗaya. A wajenki wannan ya kama kusan 96 a rana. Ki ga likitanki cikin makon nan ya tabbatar da wannan, a auna TSH yanzu, sannan kowane mako 4 har tsakiyar ciki, da aƙalla sau ɗaya wajen wata na bakwai. A farkon ciki ana son TSH ya zauna ƙasa da 2.5.

A wajen awon ciki za a ba ki ƙwayar ƙarin jini. Ki sha, tana da muhimmanci, amma ki bar ta sai bayan abincin rana ko na dare, tiroksin kuma da asuba. In kwaɗayin farar ƙasa ya taso miki ki daure, tana riƙe magani a hanji, tana kuma ƙara ƙarancin jini. In laulayi ya sa kina amai da safe, ki mayar da ƙwayar lokacin kwanciya. Bayan haihuwa yawanci ana komawa adadin da, a auna bayan mako 6, wato wajen fita arba'in. Shayarwa kuma babu laifi ko kaɗan. Da hali, ki tafi da Inna asibiti ta ji da kunnenta.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Tawa: Mahaifiyata tana da shekara 72, tana da hawan jini. An ba ta 25 kacal, alhali TSH ɗinta ya fi na matata da ke shan 100. Ba a yi mata rowa ba?

Amsa: Malam, likitan Hajiya ya yi daidai. Tiroksin yana tayar da zuciya, yana ƙara mata aiki da buƙatar iska. Zuciyar da ta yi shekaru tana tafiya a hankali, jijiyoyinta kuma ƙila sun ƙuntata, in aka zabure ta lokaci guda tana iya kawo ciwon ƙirji, rikicewar bugu, ko abin da ya fi haka. Don haka tsofaffi da masu ciwon zuciya da 12.5 ko 25 ake fara musu, a ƙara 12.5 zuwa 25 bayan kowane mako 6 ko fiye. Ƙwaya mai 25 tana da tsaga a tsakiya, ana karya ta biyu a sami 12.5. Kuma ba a kora TSH ɗin tsoho ya koma na ɗan shekara talatin. Ga wanda ya haura 70, in ya zauna tsakanin 4 da 6 ma an gode Allah. Magani mai yawa a wannan shekaru yana cinye ƙashi ya kawo karaya, yana kuma jawo rikicewar bugun zuciya da ke haddasa shanyewar ɓarin jiki. In tana shan maganin ciwon suga ko na tsinka jini irin Sintrom, ku tuna wa likita, don adadinsu kan buƙaci gyara yayin da tiroksin ke hawa.

Wasu gajerun tambayoyi sun maimaitu a wasiƙu da dama. Mai tambaya kan azumi: ka sha da ruwa minti 30 zuwa 60 kafin sahur, ko lokacin kwanciya in an yi awa 3 da cin abinci, ko kuma ka buɗe baki da ita da ruwa ka jinkirta abinci rabin awa. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe har Salla.

Mai tambaya kan canjin kwali, da ta saba da Levothyrox ta tarar sai Euthyrox ko wani: sinadarin ɗaya ne, ki karɓi mai lamba daidai da taki, gara haka da zama babu magani. Amma kayan haɗin ƙwayar kan bambanta, kuma bambancin yana iya taɓa wasu. A Faransa a 2017, da kamfanin Merck ya sauya haɗin Levothyrox ya cire laktoz ya sa manitol, dubban mutane sun kai kuka. Don haka in an sauya, a auna TSH bayan mako 6 zuwa 8. Ki lura da lambar sosai: 100 mikrogram daidai yake da miligram 0.1, wasu kwalaye haka suke rubutawa.

Mai tambaya ko ya bar gero: a'a. Gaskiya ne gero da rogon da bai jiƙu ba suna da sinadaran da ke takura tiroyid, musamman inda aidin ya yi ƙaranci, amma wanda ke shan tiroksin daga ƙwaya yake samun nasa. Ka sha furarka, ka dai raba ta da lokacin magani. A gida a riƙa amfani da gishiri mai aidin saboda yara da masu ciki, sai dai gishiri ba ya maye gurbin ƙwaya ga wanda tiroyid ɗinsa ta riga ta gaza. Masu neman maganin don rage ƙiba kuwa, ba aikinsa ba ne. Ko mai ciwon, ƴan kilo kaɗan yake saukewa, mafi yawa ruwa ne.

Har abada ake sha? In sanadin cutar Hashimoto ce, wadda garkuwar jiki ke cin tiroyid, ko an yi aiki an cire ta, to haka ne. In kuwa bayan haihuwa abin ya taso, sau da yawa tiroyid kan farfaɗo cikin shekara guda, likita na iya rage magani sannu a hankali ya gwada.

Tambaya ta ƙarshe daga wani magidanci a Harobanda, Yamai: Matata ta zubar da jini sosai a haihuwarta ta ƙarshe, shekara biyu ke nan. Tun daga nan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, kullum tana kwance, jiri na ɗibarta. An auna TSH aka ce lafiya lau, 1.2. Wani ya ba mu shawara mu gwada mata ƙwayar tiroyid mai 50. Mu gwada?

Amsa: Malam, kada ku ba ta ko ƙwaya ɗaya tukuna, ku kai ta asibiti cikin kwanakin nan. Abin da ka zayyana ya yi kama da cutar da ake kira Sheehan, da sunan likitan da ya bayyana ta a 1937. Lokacin ciki ipofiz tana ƙara girma. In mace ta zubar da jini mai yawa a haihuwa har jininta ya faɗi, jini kan yanke wa ipofiz, wani sashe nata ya mutu. Ita ce kuwa ke ba da umarni ga nono, ga al'ada, ga tiroyid, da wasu ƴan halittu biyu da ke saman ƙoda masu yin sinadarin kortizol. Shi ya sa komai ya tsaya lokaci guda. Wata alamar da mata ke jin nauyin faɗa ita ce zubewar gashin hammata da na gaba, ka tambaye ta cikin sirri.

A irin wannan hali duk bayanin da muka yi kan TSH ba ya aiki. Jakin lafiyarsa ƙalau, mai bulalar ne ya kwanta. TSH zai fito daidai ko ƙasa alhali jiki babu tiroksin. Abin da za a auna shi ne T4, wanda a takardar gwaji ake rubutawa T4 libre ko T4L, tare da kortizol na ƙarfe 8 na safe, da gishirin jini da suga. In an fara magani ma, da T4 ɗin za a riƙa daidaita shi, ana so ya zauna a rabin sama na ma'aunin ɗakin gwaji.

Dalilin da ya sa muka hana ku gwadawa shi ne kortizol. In ya yi ƙaranci aka ba da tiroksin shi kaɗai, jiki zai zabura ya ƙone ɗan abin da ya rage, jini ya faɗi, amai ya taso, mutum ya suma, kuma ana rasa rai ta haka. Ƙa'ida ita ce a fara ba da idrokortizon, maganin da ke maye gurbin kortizol, bayan ƴan kwanaki a shigo da tiroksin kaɗan-kaɗan. In an bi wannan tsari, mata masu wannan cuta sukan miƙe su koma harkokinsu. Ku nemi a tura ku wajen likitan da ya ƙware kan cututtukan suga da sinadaran jiki a ɗaya daga manyan asibitocin Yamai, ku tafi da katin haihuwar da duk takardun gwaji. Da kun zauna, kafin a tambaye ku, ka faɗa da bakinka cewa ta zubar da jini a haihuwa, nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba. In kuwa kafin ranar ta fara amai, ko masassara ta kama ta, ko ta kasa tashi zaune, kada ku jira safiya.